Power Mike: Ɗan Tayan Kano Da Ya Zama Zakaran Kokawa Na Afirka

A ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, da zarar an gama yankan gero da dawa, an ɗaure dammuna an kai rumbu, sai kiɗan kokawa ya tashi. Samari su ɗaura warki, su rataya layu, su fito fili da yamma, makaɗi na zuga su, 'yan mata na guɗa. Wanda ya yi kaye a ɗaga shi sama, masu hali su yi masa kari. Da damina ta kawo kai kuwa kowa ya koma gona. Kokawa a wannan yanki wasan kaka ce, kuma da wuya a sami wanda ya gina gida ko ya riƙe iyali da ita kaɗai.

Amma an taɓa yin wani mutum wanda ya fara nuna ƙarfinsa a Kano, tun lokacin da Birnin Kudu da Gwaram suke gundumomi a ƙarƙashin En'e ta Kano, ya kuma mai da ƙarfin nan sana'a har ya ci abinci da shi iyakar rayuwarsa. Sunansa na yanka Michael Okpala, amma duniya ta san shi da Power Mike.

An haife shi ran 8 ga Agusta, 1939, a garin Neni da ke cikin Jihar Anambara ta yanzu. Karatunsa bai wuce na firamare ba. A 1952 ya tafi Anacha don koyon ciniki, kamar yadda yaran ƙasarsu suka saba, a can ne kuma ya shiga ƙungiyar damben Turawa mai ɗauke da sunan Dick Tiger, watau ɗan damben nan da ya zama zakaran duniya na matsakaita nauyi a 1962. Daga Anacha sai ya yiwo Arewa, ya sauka Kano da niyyar koyon saye da sayar da tayoyin mota.

Ba a tayar arzikinsa yake ba. A Kano ya fara tara jama'a yana nuna musu abin mamaki: ya lanƙwasa ƙusa mai inci shida da hannu, ya fasa kwakwa da dunƙulen hannu, ya ɗaga ƙarti huɗu a lokaci guda, ko kuwa ya riƙe igiya shi kaɗai wasu mazaje su taru suna ja. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Kanawa, gama sun saba ganin 'yan tauri da gardawa masu wasa da kura da maciji a bakin kasuwa. Bambancinsa da su shi ne lissafi irin na ɗan kasuwa. Ya raɗa wa kansa suna mai sauƙin riƙewa, ya gane cewa mutumin da ya tsaya kallo kyauta yau zai yarda ya biya kuɗin ƙofa gobe, in dai an killace wurin an yi masa talla.

A 1961 ya fara zagaya ƙasa da wasansa, ya je Inugu da Aba da Fatakwal da Ikko da Jos da Kaduna. A 1964 ya ƙetara Gana, daga nan ya bi ta Kwaddebuwa da Sanigal har ya kai Turai. Ya sami kwangilar wasa a Suwidin a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke a gida, sa'an nan ya wuce ƙasar Girka. A can ne ya koyi kokawar zamani, ya bar lanƙwasa ƙusa ya koma murɗe mutane.

A nan ya kamata a bambanta wa mai karatu, musamman ɗalibai, tsakanin kokawar nan biyu. A kokawar gargajiya, da zarar an kai mutum ƙasa wasa ya ƙare, wani lokaci cikin ƙiftawar ido. Ita kuwa ta zamani a kan dandamali ake yin ta, wanda aka kewaye da igiyoyi, kuma ba a cin mutum sai an danne kafaɗunsa biyu a ƙasa alƙalin wasa ya ƙirga uku, ko kuwa shi da kansa ya ce ya sallama. Yanzu ba ɓoyayyen abu ba ne cewa masu shirya irin wannan wasa sukan tsara yadda zai ƙare tun kafin a hau dandamali. Masu kallo na wancan zamani da yawa ba su san haka ba, wasu ma har yau in aka faɗa musu sai su yi fushi. Duk da haka faɗuwar gaske ce, karayar ƙashi ma gaske ce. Massambula, ɗan ƙasar Gambiya mai wasa a Ingila, ya ji mummunan rauni a kan dandamali a 1975, bai kuma sake yin kokawa ba.

Wannan Massambula shi ne wanda Power Mike ya kayar a 1970 ya zama zakaran Afirka na masu nauyi. Bayan haka ya kayar da Ali Baba na Labanan a 1973, ya kuma kayar da Johnny Kwango na Ingila, wanda ya yi suna wajen karo da ka, a Ikko. Zamanin ya taimake shi ƙwarai. An gama yaƙi, kuɗin man fetur ya fara shigowa, gidajen talabijin suna ƙaruwa, jama'a kuma suna ƙishin ganin ɗan ƙasa ya kayar da baƙo. Har ta kai duk yaron da ya cika nuna ƙarfi a makaranta sai abokansa su laƙaba masa Power Mike.

A 1976, yana da shekara 37, ya ajiye kokawa. Wannan shi ne matakin da ya fi kowane nuna wayonsa, gama ya sauka tun jama'a ba su gaji da shi ba, tun kuma wani yaro bai kunyata shi ba. Ya kafa kamfani mai suna Power Mike International Promotions, ya koma mai shirya wasa da kula da 'yan wasa. Aikin nan ba ya bukatar ƙwanji, amma ya fi kokawa wuya. Mai shirya wasa shi zai yi yarjejeniya da ɗan kokawa tun yana ƙasarsu, ya biya masa kuɗin jirgi da masauki, ya kama filin wasa, ya buga tikiti, ya yi talla a rediyo da jarida. In ruwa ya sauko ko jama'a ba su fito ba, hasarar a wuyansa take, don baƙon da ya zo sai an biya shi.

Ta hannun wannan kamfani ne 'yan Nijeriya suka ga mutanen da a da sai a akwatin talabijin suke ganinsu. Ya kawo Mil Mascaras na Meziko, mai rufe fuska, da Mighty Igor, da Bulldog Brower, da Carlos Colon, da sauransu. Mighty Igor dai ya shiga ran 'yan Nijeriya fiye da yadda mai karatu na yau zai zata. Power Mike ya rasu a watan Maris na 2004, yana da shekara 64.

Abin da ya yi wa kokawar zamani da kuɗinsa, gwamnati ce ta yi wa ta gargajiya a Jamhuriyar Nijar. A 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, aka buɗe gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi na farko. Tun daga nan kowace jiha takan zaɓi 'yan kokawarta, ta ba su masu horarwa, a zagaya da gasar daga wannan jiha zuwa waccan, rediyo da talabijin suna watsawa kai tsaye. Shi ya sa sunan Salma Ɗan Rani da Kadade da Issaka Issaka na Doso, wanda ya ɗauki takobi har sau shida, ya ƙetaro iyaka ya shigo ƙasar Hausa ta Nijeriya.

Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Kano ran 27 ga Agusta, 1991, tana da iyaka da Jihar Damagaram, saboda haka misalin bai yi nisa ba. Ƙarti ba su yi ƙaranci a Gwaram ko Birnin Kudu ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai tsaya tsakaninsu da mai fili, ya san nawa aka tara a ƙofa, ya yanke ladan kowa tun kafin a buga ganga, ya kuma tanadi kuɗin magani in wani ya goce kafaɗa. Ma'aikatan sashen wasanni na ƙananan hukumomi suna iya farawa da abu mai sauƙi, watau rubuta sunayen 'yan kokawar kowace gunduma da nauyinsu, da tsayar da ranakun gasa bayan girbi, yadda ɗan kokawar Gwaram zai san tun da wuri ran da zai kara da na Birnin Kudu da kuma abin da zai samu in ya yi kaye.