Ƙaramar Motar Dizal: An Gudu Ba a Tsira Ba

Labarai biyu ne suka rikita lissafin masu motoci a kudancin Kano. A watan Afrilun 2024 matatar Dangote da ke Legas ta sauke farashin litar dizal zuwa Naira 1,000 ga 'yan sari, bayan a farkon shekarar ta kai wajen Naira 1,600. Zuwa Oktoba kuma fetur, wanda aka janye wa tallafi tun ranar 29 ga Mayu, 2023, ya haura Naira 1,000 a gidajen man NNPC na Abuja. Da tazarar farashin ta kusa shafewa, sai wata shawara ta fara yawo daga Bebeji zuwa Kiru: mai sabuwar motar fetur ya sayar da ita tun tana da daraja, ya ɗauko ƙaramar mai dizal 'yar Turai, tunda ba ta shan mai. Rabin maganar gaskiya ne. Rabin da ake tsallakewa shi ne mai cinye jari, domin ya shafi abin da ke cikin litar da za a ɗura mata.

Ba a musun cewa injin dizal ya fi na fetur tattalin mai da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A ɗauka motarka tana shan lita 8 a kilomita 100, waccan kuma lita 6, kana cin kilomita 20,000 a shekara. Rarar lita 400 ke nan, wajen Naira 400,000 idan lita tana Naira 1,000. Sai a ɗora wannan a sikeli ɗaya da faɗuwar da ake yi duk lokacin da aka kai mota mai ɗan kwana hannun dillali, da la'ada, da canjin takardu. Sai an yi shekaru kafin rarar man ta cike wannan rami, idan har motar ba ta kwanta ba.

Dalilin kwanciyar tata yana da tarihin da ba a cika ba mu labarinsa ba. Tun 2009 dokar Tarayyar Turai ta taƙaita sinadarin farar wuta a cikin dizal zuwa kashi 10 cikin miliyan, kuma a kan wannan tataccen mai aka ƙera duk ƙananan motocin da suka biyo baya. A daidai lokacin, dokar Najeriya ta yarda da kashi 3,000, wato ninki 300. A Satumban 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoton da ya nuna yadda manyan dillalan mai suke cakuɗa gurɓataccen dizal a tashoshin ruwan Holan da Beljiyam musamman domin Afirka ta Yamma, man da ba za su iya sayarwa a gida ba. A Disambar shekarar, Najeriya da Gana da Togo da Benin da Kodebuwa suka amince su koma kashi 50. A nan gida aka yi ta ɗaga ranar fara aiki. A Fabrairun 2020 ministocin ECOWAS suka sake zama a Wagadugu, suka sa farkon 2021 a matsayin wa'adi.

Ko an cika alkawari? A Yulin 2024 shugaban hukumar NMDPRA mai kula da harkar mai na lokacin, Farouk Ahmed, ya ce dizal ɗin matatun cikin gida ya fi na waje datti. Dangote ya mayar da martani ta hanyar gwaji a gaban 'yan Majalisar Wakilai ƙarƙashin Tajudeen Abbas, inda ɗakin gwajin matatarsa ya nuna farar wutar da ke cikin nasa ba ta kai kashi 100 cikin miliyan ba, yayin da samfur biyu da aka sayo a gidajen mai suka haura 1,800 da 2,600. Ko wane ɓangare mutum ya gaskata, darasin ɗaya ne: hukuma da mai matata sun kasa yarda da juna a kan abin da ke cikin tanki, balle malamin makaranta a Tudun Wada. Ana cikin haka motocin suna ta kwararowa, domin tun bayan badaƙalar Volkswagen ta 2015, da aka kama kamfanin yana maguɗin gwajin hayaƙi a motoci miliyan 11, Turawa suka juya wa dizal baya. A lokacin kusan rabin sababbin motocinsu na dizal ne, zuwa 2023 ba su kai kashi 15 cikin ɗari ba. Abin da suka yar shi ake kawo mana da sunan araha.

A garejin bakanike ake ganin sakamakon. Ramukan nozul ɗin irin wannan inji ba su wuce kaurin gashin kai ba, ɗigon ruwa ko ƙura daga jarkar ɗan bumburutu ya isa ya lalata su, gaurayen kananzir kuma ya cinye famfon. A jikin salansa akwai matatar da ke tare baƙin hayaƙi, wadda mai datti ke saurin toshewa. Sai wuta ta kama a gaban direba, mota ta ƙi gudu a tsakiyar dajin Falgore. Yawanci maganin da ake yi shi ne a yanke salansar, a farfasa matatar da guduma, a walde. Mota ta tashi, hayaƙin kuma ya koma ƙirjin masu tallar rake a Kwanar Dangora, hayaƙin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin masu haddasa ciwon daji tun 2012.

Wani zai ce ai tirelolin da ke ɗaukar masarar Doguwa da injinan casar shinkafar Tudun Wada duk dizal suke sha, suna kuma aiki. Haka ne, amma akasarinsu tsofaffin injina ne masu famfon ƙarfe zalla, waɗanda ba su da kwamfuta, kuma kayan gyaransu na nan jibge a Ƙofar Ruwa. Wani zai ce man Dangote ya gyara lamarin. Ko da ya fito tas daga Legas, tankoki nawa zai ratsa kafin ya iso Riruwai, kuma wa ke auna shi a hanya? Wanda kawai lissafin zai iya yi wa daɗi shi ne direban da ke doguwar tafiya kullum, Kano zuwa Jos, mai tsayayyen gidan mai da bakaniken da ya iya na'urar gano cutar mota. Irinsa ba su da yawa a wannan yanki.

Don haka mai lafiyayyar motar fetur ya riƙe abarsa, ya kula da juye da iskar taya, ya daina biye wa zugar dillalai. Hukumomin NMDPRA da SON mai kula da ingancin kayayyaki kuwa su bar mu da sanarwa daga Abuja. Su fito su ɗebi samfur a gidajen man Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, su buga sakamakon da sunan kowane gida, su rufe wanda ya gaza. 'Yan majalisarmu su nemi wannan a rubuce. Dokar kashi 50 ta daɗe a takarda, talaka kuma yana biyan kuɗin tataccen mai a kan kowace lita.