Mai Dokar Barci Ya Ɓuge Da Gyangyaɗi: Jam'iyyu Masu Mayaƙa Da Adawa Da Yaƙin Waje

Shin jam'iyyar da ke da 'yan bindiga a bayan gidanta tana da bakin da za ta la'anci yaƙin da wasu ke yi a wata ƙasa? Tambaya ce da masu nazarin siyasa suka daɗe suna muhawara a kanta, kuma ban san misalin da ya fi fito da ita fili ba kamar na jam'iyyar Sinn Féin ta Ailan a lokacin mamayar Iraƙi.

A watan Maris na 2003 Amurka da Birtaniya suka afka wa Iraƙi. Sinn Féin na cikin jam'iyyun da suka ɗaga murya suna cewa yaƙin haramtacce ne, suna kuma sukar gwamnatin Ailan saboda barin jiragen sojan Amurka suna sauka a filin jirgin sama na Shannon. A wancan lokacin ƙungiyar IRA, wadda duniya ta sani a matsayin ɓangaren jam'iyyar mai ɗauke da makamai, ba ta gama ajiye makamanta ba, duk da cewa an yi shekara biyar da ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya ta Belfast a watan Afrilun 1998.

Rikicin Ailan ta Arewa ya ci rayuka kusan 3,500 cikin shekara talatin, kuma kimanin rabinsu a hannun IRA suka salwanta. A ranar 8 ga Nuwamba, 1987, bam ɗin ƙungiyar ya hallaka mutum 11 a garin Enniskillen, suna tsaye wajen taron tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi. A 1993 wani bam ya kashe yara biyu a garin Warrington na Ingila. Sai kuma labarin Jean McConville, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya goma. An ɗauke ta daga gidanta a Belfast a ƙarshen 1972, aka harbe ta, aka binne a ɓoye. Sai a 1999 IRA ta amsa laifin, kuma ba a ga gawarta ba sai a watan Agustan 2003, a bakin teku. Wato a shekarar da jam'iyyar ke juyayin matan Bagadaza, a ita ce 'ya'yan wannan baiwar Allah suka samu ƙasusuwan mahaifiyarsu. Daga baya binciken hukuma bai sami wata shaida da ke tabbatar da zargin leƙen asirin da aka kashe ta a kansa ba.

Magoya bayan jam'iyyar suna da amsa, kuma adalci ne a saurare ta. Suna cewa nasu gwagwarmayar neman 'yanci ce daga mulkin Birtaniya, na Iraƙi kuwa mamaya ce ta masu ƙarfi. Suna tunatar da mu ranar 30 ga Janairu, 1972, da sojojin Birtaniya suka harbe fararen hula 13 a Derry. Duk wannan gaskiya ne. Amma hujjar da suka kafa a kan yaƙin Iraƙi ita ce jinin farar hula. Wanda ya ɗauki wannan ma'auni dole ya yarda a auna shi da shi, domin bam ba ya tambayar wanda ya faɗa wa ko manufar mai dasa shi kyakkyawa ce.

Abin ya ƙara fitowa fili a watan Afrilun 2003, lokacin da George Bush da Tony Blair suka haɗu a fadar Hillsborough kusa da Belfast, ana dab da faɗuwar Bagadaza. Masu zanga-zanga na waje suna la'antar yaƙin, shugabannin Sinn Féin, ciki har da Gerry Adams, suna ciki suna ganawa da Bush. Dalilin a bayyane yake: jam'iyyar na buƙatar goyon bayan Amurka da gudummawar kuɗin 'yan asalin Ailan mazauna can. A ɗaya ɓangaren ma, laifi tudu ne. Mutum biyun da jiragensu ke ruwan wuta a Iraƙi su ne suka zo yi wa wasu wa'azin ajiye makami.

Ni a ganina, akwai abu biyu da ya kamata mai karatu ya raba. Munafuncin mai magana ba ya mayar da gaskiyar da ya faɗa ƙarya. Ba a sami makaman ƙare dangin da aka fake da su aka mamaye Iraƙi ba, don haka waɗanda suka yi adawa da yaƙin, har da Sinn Féin, su ke da gaskiya. Sai dai munafunci yana rage wa gaskiya nauyi. Yana ba masu son yaƙi damar kauce wa hujja su koma kan mai kawo ta, sannan yana cin mutuncin waɗanda aka zalunta a gida, tun da suna kallon masu kare makasan 'yan uwansu sun zama limaman tausayi.

Abin da ya sauya lamarin aiki ne. Bayan kisan Robert McCartney a Belfast a watan Janairun 2005, 'yan uwansa mata suka tsaya kai da fata suna zargin 'yan IRA, har matsin lamba ya taso daga cikin unguwannin da ke zaɓen jam'iyyar. A watan Yulin shekarar IRA ta sanar da kawo ƙarshen yaƙinta, a watan Satumba kuma Janar John de Chastelain ya tabbatar da lalata makamanta. A 2007 Martin McGuinness, tsohon kwamandan ƙungiyar, ya zama mataimakin shugaban gwamnatin yankin, a 2024 kuma Michelle O'Neill ta hau kujerar shugabancin.

Saboda haka, duk jam'iyyar da ta fito tana kukan rayukan da ake kashewa a nesa, a saurari hujjarta a auna ta, sannan a tambaye ta inda ta binne nata mamatan da kuma ranar da za ta sallami mayaƙanta.