Kabarin Sa'ad Bin Abi Waƙƙas Ba Ya Guangzhou

Bidiyon nan ya ishe ni. Ɗan kasuwarmu zai je sarin kaya Guangzhou, ya yi Juma'a a masallacin Xianxian, ya ɗauko wata ƙubba a waya, ya watsa a WhatsApp wai ga kabarin Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas, a tura wa 'yan'uwa don samun lada. Haba jama'a!

Sa'ad, Allah Ya ƙara masa yarda, a gidansa na Aƙiƙ ya rasu, kusa da Madina. A kafaɗa aka ɗauko shi, Marwan bin Hakam ya sallace shi, aka binne shi a Baƙi'a, shekara ta 55 bayan Hijira a mafi shaharar magana. Littattafan tarihin Sahabbai ba su ce ya taka ƙasar Sin ba. Sai bayan ɗaruruwan shekaru labarin ya ɓulla a rubuce-rubucen Musulmin can. Abin da ya tabbata, fataken Larabawa da Farisawa sun zauna a Guangzhou tun zamanin daular Tang, kuma masallacin Huaisheng yana cikin mafi daɗewa a Sin. Wannan bai ishe mu abin alfahari ba?

Kiristocin Turai ma suna da irinsa. Littafinsu ya ce a Ƙudus aka kashe manzo Yaƙub, almajirin Annabi Isa, amma a ƙarni na 9 aka ce an gano kabarinsa a Santiago ta Sifaniya, sarakuna suka mai da shi tutar yaƙar Musulmin Andalus. Daga baya hanyar tattaki zuwa ziyarar kabarin ta dushe, sai Majalisar Turai ta ɗaga darajarta a 1987 don haɗa kan nahiyar, a 2023 mutum fiye da 400,000 suka karɓi shaidar tattakin. Haka hukumomin Sin suke tallata waccan ƙubba cikin tarihin tsohuwar hanyar siliki ta teku, wadda Xi Jinping ya tayar da sunanta a 2013. Gwamnati ba ta share tsohuwar hanya a banza.

Alhaji, in ka je, ka yi sallarka, ka yi wa Musulmin da ke kwance a maƙabartar sallama da addu'a. Kada ka shafi bango, kada ka roƙi mamaci buɗin kasuwa, kada ka biya ɗan rakiya don tatsuniya. Wanda aka turo wa bidiyon kuma ya tambayi malami kafin ya danna turawa.