Kwana huɗu a Duwala da yara uku: mun je ganin inda kwantenonin Ngaundere ke fitowa

A Ngaundere layin dogo na Kamaru ya ƙare. Tun 1974 da jirgin ƙasa ya iso garin, kayan da za su wuce Garwa da Marwa da Njamena a nan ake sauke su daga tarago a ɗora wa manyan motoci. Yaranmu sun tashi suna ganin kwantenoni, ja da shuɗi da kore, suna wucewa a kan titi, amma kaɗan ne cikinsu suka san daga ina suke. A aji muna koya musu cewa Duwala ce babbar tashar jiragen ruwa ta ƙasa. Su haddace, su rubuta a jarrabawa, su ci maki, shi ke nan. Ka tambayi yaro ya kwatanta maka tashar jiragen ruwa, sai ya tsaya yana kallonka.

Wannan ya sa a hutun Disamba ni da uwargida muka ɗauki yaranmu uku muka nufi Duwala: babbar 'yarmu mai shekara 9, ƙanenta mai shekara 6, da auta da ba ta cika uku ba. Wata bakwai muna zubin adashe saboda tafiyar, don albashin malamin firamare ba ya ɗaukar irin wannan a wata guda. 'Yan uwa sun yi ta magana. Yayata ta ce, "Malam, kuɗin buhun masara nawa za ka zubar don yara su kalli ruwa?" Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ce nake so in bai wa iyayen da ke tunanin irin wannan tafiya.

Dare guda a jirgi

Jirgin yakan tashi daga Ngaundere da dare ya isa Yawunde da safe. Tafiyar ta haura kilomita 600, kuma ta fi awa goma sha biyu. Mun kama ɗaki mai gado huɗu. Ya fi kujera tsada, amma mai ƙananan yara zai gode wa Allah da ya biya, don za ka rufe ƙofa kowa ya miƙe ƙafa. Uwargida ta yi mana guzurin dambun nama da soyayyen dankali, muka sayi zuma da ayaba ta taga wajen matan da ke talla a tashoshin hanya.

Da gari ya waye ƙasar ta sauya gaba ɗaya. Babu fili, babu shanu, sai kurmi mai duhu da kwakwar manja. A wata tasha muka tsaya kusa da taragun da aka ɗaure wa gumagumai, kowane gungume ya fi ɗakinmu na jirgi tsawo. 'Yata ta tambaya ina za a kai su. Na ce mata hanyarmu ɗaya da su.

Daga Yawunde muka hau bas, kimanin kilomita 240, ta garin Edeya inda ake tsallaka Sanaga, kogin da ya fi kowane tsawo a Kamaru. Tun kafin mu shiga Duwala gumi ya fara yi mana maraba. Wanda ya saba da sanyin Ngaundere a watan Disamba, iskar Duwala za ta zame masa kamar an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen bargo.

"Baba, ina tekun?"

A unguwar New Bell muka sauka, gidan kawun matata, wanda ya shekara fiye da talatin yana sayar da yadi a birnin. Washegari muka yi shatar tasi na rabin yini, ya kai mu gadar da ta haɗa Deido da Bonaberi. Gadoji biyu ne a jere, tsohuwar da aka gina zamanin Faransawa da sabuwar da aka ƙara mata. Daga nan ake hango tashar: injinan ɗaga kaya masu dogon wuya, kwantenoni an tsiba su kamar kwalin ashana, da jirage a jingine a bakin gaɓa. Cikin tashar kam ba a shiga sai da takardar izini, kuma ba wurin ɗaukar hoto ba ne, don haka kowa ya bar wayarsa a aljihu.

Ɗana ya leƙa dama, ya leƙa hagu, ya ce, "Baba, ina tekun?" Ruwan da ke gabansa launin ƙasa ne, ga kuma gaɓa yana gani a ɗaya gefen. Na ce masa wannan kogin Wuri ne. Ya ce, "Wane wuri?" Har direba sai da ya yi dariya da aka fassara masa.

Ya kamata iyaye su san wannan kafin su yi wa yaro alkawari: Duwala ba a bakin teku take ba. A bakin kogi take, kuma jirage sai sun biyo wata hanyar ruwa mai kimanin kilomita 50 kafin su iso. Kogin yana kwaso laka da yashi yana cike hanyar, shi ya sa kullum ake cikin yashe ta, kuma jirage mafiya girma ba sa iya shigowa. Dalilin gina tashar Kribi mai zurfi ke nan, wadda ta fara aiki a 2018. Duk da haka shinkafa da alkama da kayan gyaran mota da yawa ta nan suke shigowa, katako da koko da audugar arewa kuma ta nan suke fita. Ƙasashen Cadi da Afirka ta Tsakiya, da ba su da gaɓar teku, da wannan bakin kogi suka dogara. In kaya suka maƙale a nan, farashi ne ke tashi a kasuwannin Njamena da Bangi, mu ma a Ngaundere sai mun ji a jikinmu.

Tekun da yaron ke nema kuwa shi ya zo ya same mu. Da muka je Yupwe, kasuwar kifi da ke bakin ruwa, mun tarar da kwalekwale a zaune kan laka. Muka zagaya kasuwa, muka ci abinci, muka yi salla, da muka dawo sai ga su suna lilo a kan ruwa. Teku ne ke turo ruwa cikin kogin ya kuma janye shi, sau biyu a kowace rana, kuma jan da wata ke yi wa ruwan duniya ne ke haddasa hakan. Na sha zana wannan a allo ɗalibai na hamma. A Yupwe yaro ɗan shekara 6 ya kafa kara a laka, ya dawo ya tarar ruwa ya shanye shi, bai kuma bar maganar ba har muka dawo gida.

A nan ne kuma suka fara ganin jatan lande tsibi-tsibi a faranti. Na ba su labarin Turawan Fotugal da suka shigo kogin nan wajen 1472, suka tarar da jatan lande birjik, suka raɗa masa suna kogin jatan lande da harshensu. Daga wannan kalma sunan Kamaru ya samo asali. 'Yata ta yamutsa fuska ta ce, "Ashe sunan ƙwaro aka sa mana!"

Bonanjo da labarin New Bell

Rana ta uku muka tafi Bonanjo, unguwar ofisoshi da tsofaffin gine-gine. Akwai gidan tarihin sufurin ruwa da aka gina da siffar jirgi, cikinsa da ƙananan samfurin jirage da kwalekwale. Awa guda ta ishi yara a ciki. Ba nisa daga nan akwai gidan sarautar Manga Bell na 1905, mai rufi hawa-hawa, wanda ake kira Pagode.

A gabansa na ba babbar labarin Rudolf Duala Manga Bell. Jamusawa sun so su tashi mutanen Duwala daga bakin kogi su mai da su can baya, wurin ya zama na Turawa zalla. Sarkin ya ƙi, ya kai ƙara har Jamus, su kuma suka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Yankin da aka ware don mutanen da za a tasa shi ne New Bell. Daga baya baƙi suka cika shi, ciki har da Hausawa fatake da mahauta da malamai, har wani sashe nasa ake kiransa da sunan Hausawa zuwa yau.

Da daddare kawu ya ƙara mata bayani a tsakar gida. Ya ce, "Ke dai jikata, kada wani ya ce miki ke baƙuwa ce a garin nan. Kakanninmu sun sayar da nama a nan tun babu gada." Wallahi ko wannan kaɗai ya biya ni kuɗin jirgi. Yaron arewa yakan tashi yana ganin kudu kamar wata ƙasa ce dabam. Nawa sun ji kiran salla daga masallatai da yawa a New Bell, sun sha kunu da ƙosai da safe, sun kuma yi wasa da yaran maƙwabta da ba su jin Hausa ko Fillanci.

Ga mai niyya

Lokaci shi ne farko. Babban hutun makaranta yana faɗawa ne a Yuli da Agusta, daidai lokacin da ruwan sama ya fi tsanani a Duwala, inda akan wuni ana sheƙawa, wasu unguwanni su cika da ruwa. Disamba zuwa Fabrairu ya fi sauƙi.

Kada a tsara fiye da wuri ɗaya ko biyu a rana. Mu kan fita da ƙarfe takwas, mu dawo kafin azahar ta wuce, yara su yi wanka su kwanta. Cunkoson motoci kaɗai yana iya cinye awa guda, kamar a shataletalen Deido, inda aka kafa wani dogon mutum-mutumi na tarkacen ƙarfe mai tsawon mita 12, aikin Joseph-Francis Sumégné na 1996. Ta tagar mota muka kalle shi, kuma ya wadatar.

'Yan acaba, da ake kira benskin a can, sun fi araha da sauri, amma ban ga dalilin ɗora yara uku a kansu ba. Tsallaka titi ma sai an riƙe hannu gam, don babur na iya fitowa ta inda ba ka zata ba. Uwargida ta rubuta lambar wayarmu da sunan unguwa a takarda ta saka wa kowane yaro a aljihu, auta kuwa a goye ta yi yawon duka.

Abinci ba matsala ba ne. Gasasshen kifi da soyayyar ayaba ko miyondo, wato rogon da ake naɗewa a ganye, suna ko'ina, masu tsire kuma galibi mutanenmu ne. Miyar ndole ce sai ka tambayi naman da aka sa, ko ka nemi ta kifi ko ta jatan lande. A sha ruwan gora, a kuma tafi da gidan sauro.

Wanda ke da sauran kuɗi da kwana biyu, daga Edeya hanya ta rabu zuwa Kribi, inda yaro zai ga teku mai igiyar ruwa da farin yashi. Mu aljihu bai kai mu can ba. Mun dai sake shiga adashe, kuma yayata da ta yi maganar buhun masara ta ce in Allah ya kai mu, a tafi da nata biyu.