Hawan dutsen Aburi: tsoro ne ya fito da Kawu, daɗi ne ya riƙe shi

Duk ranar Asabar, ana idar da sallar asuba wayata za ta yi ƙara. Ba sai na duba ba, na san Kawu ne. "Malam, har yanzu kana kwance? Trotro ba ya jiran kowa fa!" Shekararsa 57, ni ko 40 ban kai ba, amma shi ke tashina.

Daga Madina muke shiga mota zuwa Ayi Mensah, a gindin dutsen Aburi. Daga nan sai ƙafa, mu bi titin da ke hawa har Peduase, inda gidan hutun shugaban ƙasa da aka gina zamanin Nkrumah yake. Wanda bai taɓa zuwa ba zai sha mamakin jama'a: ma'aikata, 'yan kasuwa, ƙungiyoyin motsa jiki da gangunansu, wasu na sassarfa, wasu na jan ƙafa suna haki.

Shekara uku da suka wuce, da ka ce wa Kawu zai hau dutse, dariya zai yi maka. Tela ne. Tun safe yana kan keke har magariba, a ci waakye da rana, a kora da ataya mai sukari, da dare kuma tuwo zafi. Wata rana jiri ya ɗebe shi a shago. A asibiti aka ce hawan jini ne. Jikinmu duka ya yi sanyi, domin wannan ciwon ne ya shanye ɓarin jikin yayansa, wato mahaifina, kafin Allah ya yi masa rasuwa. Aka ba shi magani, aka ce ya rage gishiri, ya kuma riƙa tafiya a ƙasa.

Maganin bai ba shi wahala ba, tafiyar ce matsala, saboda kunya. Kun san halinmu a zango. A ga dattijo yana sauri ba jana'iza ba, ba kasuwa ba, sai a fara tambaya: "Lafiya, Alhaji? Wa ya koro ka?" Don haka da duhu ya fara, cikin jallabiya, yana zagaya filin ƙwallon unguwa kafin idon mutane ya buɗe. Ranar da na fara raka shi Aburi sau huɗu ya tsaya, ya dafa gwiwa, yana cewa shi da dutsen nan har abada.

Asabar ta zagayo, shi ya fara kirana.

Na tambaye shi me ya sauya. Ya ce, "Ɗana, da farko mutuwa nake gudu. Yanzu kuwa daɗi nake ji. Ka san rabona da barci irin wannan?" Ya yi abokai a hanya: wani direba da ya yi ritaya, da wani Ga mai sayar da taya. In ɗaya bai zo ba, sai an kira shi an ji dalili. A ganina wannan ne sirrin. Tsoron likita kwana biyu yake yi a zuciya, amma wurin da ake dariya, ake jiranka, da wuya ka daina zuwa.

Ni ma na ɗauki darasi. Da ina cewa ai malamin makaranta a tsaye yake wuni, me zai yi da motsa jiki? Ashe tsayuwa gaban allo daban, bugun zuciya ya ƙaru daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Minti 30 sau biyar ya kai 150. Matsakaici kuwa shi ne tafiyar da za ka iya hira a cikinta amma numfashinka ya ɗan hau. Ke nan Asabar kaɗai ba ta isa ba, shi ya sa Kawu bai bar filin unguwa ba a sauran ranaku.

Iyayenmu mata ma an fara ganinsu. Matar Kawu da ƙawayenta biyu suna zuwa da hijabinsu da takalmin kambas. Ba wanda ya ce musu uffan, kuma su suka fi mu hira.

Ga mai niyyar farawa: a fara auna hawan jini, domin sau da yawa ba ya nuna alama. A fara da kaɗan. A riƙe ruwa, a bi gefen titi ana fuskantar motoci. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya tsaya, ya nemi likita. Kuma tafiya ba ta maye gurbin magani. Har yau Kawu bai fasa shan nasa ba.

Makon jiya a kwanar ƙarshe numfashi ya gagare ni, na tsaya. Kawu ya waiwayo yana share gumi, ya ce, "Malam, in goya ka ne?" Mutane suka fashe da dariya. Na miƙe na bi shi.