Hajiya Balaraba Ramat: Yarinyar Da Aka Cire Daga Makaranta

 Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba. Tarihin wata baiwar Allah ne, wadda duk macen da ta riƙe biro da sunan rubuta littafi a garin nan, ko ta sani ko ba ta sani ba, a inuwarta take zaune. Ina nufin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu.

An haife ta a birnin Kano a shekarar 1959. Ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed, ɗan unguwar Kurawa, wanda mu 'yan Kabara ko a ƙafa ma iya zuwa unguwarsu. Shi ne wanda hotonsa ke jikin naira ashirin, ya zama shugaban ƙasa a 1975, aka kashe shi a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976. To, 'yar uwa, in kika ji haka sai ki ɗauka ai wannan 'yar gata ce, sai ta ture karatu da kanta. Ina! Ba ta wuce shekara 13 ba aka cire ta daga makaranta aka aurar da ita ga wani mutum da ya girme ta nesa ba kusa ba. Auren bai kai shekara biyu ba ya mutu. Ki duba fa, a shekarun da ke kike kukan an hana ki kuɗin tara, ita ta zama bazawara.

Wata da ta naɗe hannu ta ce shi ke nan, haka Allah ya rubuta. Ita kuwa sai ta koma neman ilimi ta hanyar karatun manya, ta ci gaba da abin da aka katse mata. Ta sha faɗa cewa wannan yanke karatun ne ya sa da Hausa take rubutu ba da Turanci ba. Ni kuwa na ce gara da aka yi, domin da Turanci ta rubuta, da iyayenmu da ke cikin kulle ba su ji ko kalma ɗaya ba.

Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987, kan irin mazan nan da furfura ta cika musu kai amma zuciya ta ƙi tsufa, yau a auro wannan gobe a saki waccan. A 1990 sai ta fito da guda biyun da suka fi yin suna: Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne. A lokacin tana cikin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, tare da su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba, mace a tsakiyar maza, a zamanin da ko sunan mace a bayan littafi abin gutsiri-tsoma ne.

Wa Zai Auri Jahila? labarin Abu ne, yarinyar ƙauye da mahaifinta ya cire daga makaranta. Saurayin da aka yi mata alkawari da shi ya yi boko ya dawo ya ce shi ba ya auren jahila, sai aka ɗaura mata da tsoho, Sarkin Noma. Abu ta gudu birni wajen 'yar uwar iyayenta, ta koma karatu, har ta zama ma'aikaciyar jinya. Duk wadda ta san tarihin marubuciyar ba sai an gaya mata daga wace rijiya aka ɗebo ruwan ba.

Amma ni wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Alhaki Kuykuyo Ne. A cikin akwatin gwaggona na tsince shi, bangon ya yage, an ɗinke shi da zare. Na tafi da shi makaranta na ɓoye a cikin littafin lissafi, wata malama ta kama ni ta ƙwace, ta ce littattafan ɓata tarbiyya ne. Sai bayan mako biyu ta dawo mini da shi, ba ta ce uffan ba, amma na ga an lanƙwasa shafuka har ƙarshe.

Labarin Rabi ne, matar Alhaji Abdu ɗan kasuwa, mai 'ya'ya tara. Yana da hali amma cefane sai an yi faɗa. Ya je ya auro Delu, macen bariki, kafin a ce kwabo an kori Rabi da 'ya'yanta. Ba ta zauna jiran tsammani ba, ta kama sayar da abinci, da shi ta ciyar da yara ta riƙe karatunsu, har 'yarta Saudatu ta sami miji nagari mai wadata, Alhaji Abubakar. Shi kuwa Alhaji Abdu gobara ta lashe masa shago, Delu ta nuna masa halinta, ya wayi gari ba shi da ko sisi. Nan ne fa ake yin ta. Sai dangi suka taru a kan Rabi, ki yi haƙuri, uban 'ya'yanki ne, ki koma. Kuma ta koma.

Wallahi ranar da na kai nan jefar da littafin na yi. Wannan wace irin sakayya ce? Mu da muka saba a rufe labari da amarya a gidan bene da mota sabuwa fil? Sai da na fara rubuta nawa na gane ƙarfin halin da ke cikin wannan ƙarshen. Hajiya ba ta yi wa mai karatu daɗin baki ba. Abin da ke faruwa a lungunanmu ta rubuta, ta bar mu da ɗacinsa a baki. Ki leƙa gida uku a unguwarku, za ki sami Rabi a ɗaya.

Wannan halin nata na rashin ɓoye-ɓoye ya jawo mata surutu, balle da ta fitar da Wane Kare Ne Ba Bare Ba? a 1995, kan wani attajiri mai lalata ƙananan yara. Wasu suka ce ta yi tsaurin ido. A shekarun ne kuma malaman jami'a ke ta muhawara a jaridu, ana kiran littattafan da "Adabin Kasuwar Kano", wai ba za su yi ƙarko ba.

Ba a Kano aka fara raina rubutun mata a kan aure ba. A Ingila akwai Jane Austen, 'yar wani limamin coci, wadda aka haifa a 1775 ta rasu a 1817 ba ta yi aure ba. Ita ma zancenta ke nan: wa zai auri wa, nawa gare shi, ina makomar yarinyar da ubanta ba shi da abin bar mata. Da littafinta na farko ya fito a 1811 ko sunanta ba a sa ba, an dai ce wata mace ce ta rubuta. Yau hotonta ne a jikin takardar fam goma ta ƙasarsu. Hajiya Balaraba kuwa tun ranar farko da sunanta ta fito, har da na gidansu, duk mai zagi ya san ƙofar da zai nufa.

An mayar da Alhaki Kuykuyo Ne fim a 1998. A 2012 kuma Malam Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ya fassara shi zuwa Turanci, kamfanin Blaft na birnin Chennai a ƙasar Indiya ya buga. Abin dariya, mu da aka yi wa gorin kwaikwayon finafinan Indiya, sai ga Indiyawa na karanta labarin Rabi mai sayar da abinci. Ita kanta Hajiya ta shiga harkar fim, ita ce ta rubuta Juyin Sarauta, fim ɗin tarihi da Falalu Ɗorayi ya ba da umarni.

In za ki nemi littattafan, ki fara da Wa Zai Auri Jahila? Tsofaffin bugun sun yi wuya, sai dai ki tambayi yayyenki da gwaggwanninki, wataƙila yana ƙasan akwati tare da atamfofin biki. In an ara miki, don Allah ki mayar.