Tsara Wuraren Zaman Jama'a Domin Tsofaffi

1.0 Gabatarwa

Wurin zaman jama'a shi ne duk wani fili ko gini da kowa yake da damar zuwa ya zauna ko ya ratsa, kamar dandali da harabar masallaci da ƙofar fada da kasuwa da bakin rijiya. Wannan darasi zai duba yadda ya kamata a tsara irin waɗannan wurare domin tsofaffi, tare da misalai daga Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, a arewa maso yammacin Jihar Jigawa.

2.0 Tsarin Gargajiya

Bahaushe bai manta da tsoho ba a lokacin da yake tsara unguwarsa. Akwai dakali, wato tudun ƙasa da ake ginawa a jikin katangar gida, wanda tsayinsa ya dace da mai ciwon gwiwa, ya zauna ya tashi ba sai an kama shi ba. Akwai zaure, inda maigida yake karɓar baƙi, yake cin abinci tare da maƙwabta. Akwai kuma inuwar tsamiya ko durumi ko darbejiya, inda majalisar dattawa take zama tun daga hantsi. Galibi waɗannan wurare suna kusa da masallacin unguwa, ta yadda tsoho zai sami jam'in salloli biyar ba tare da doguwar tafiya ba.

A irin waɗannan majalisu ne ake sasanta rikicin gona da na aure, ake sa ido a kan tarbiyyar yara, ake kuma jin tarihi da karin magana daga bakin waɗanda suka gaje su. Ke nan dakali makaranta ce ta harshe da al'ada.

3.0 Sauye-sauyen Zamani

Tun bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a shekarar 1991, hedikwatocin ƙananan hukumomi suke ta bunƙasa. An shimfiɗa tituna, an gina magudanan ruwa, an mayar da zauruka da dama shaguna. Wannan ci gaba ne, amma ya zo wa tsofaffi da matsaloli. Buɗaɗɗiyar magudanar ruwa da yaro zai tsallake da gudu, ita ce take hana tsoho mai sanda fita daga gida. Haka kuma babbar hanyar Kano zuwa Daura, wadda ta ratsa Kazaure, tana da wuyar tsallakawa ga mai raunin gani ko ji.

Yanayin ƙasa ma yana da nasa tasiri. Yankin Kazaure da Roni yana da duwatsu da tuddai, don haka hawa da gangara su ne cikas. A Babura kuwa, kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar, rairayi ne yake riƙe ƙafa da keken guragu. A duk yankin, har da Gwiwa, zafin bazara yakan kai digiri 40 a watan Afrilu, saboda haka sare bishiya ɗaya tamkar rushe majalisa guda ne. Tsohon da ya rasa wurin zama sai ya koma ɗaka, kaɗaici da rashin motsa jiki su ƙara masa rauni.

4.0 Ƙa'idojin Tsarawa

A shekarar 2007, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan biranen da suka dace da tsofaffi, bayan nazari a birane 33. Filaye da gine-gine suna cikin fannoni 8 da jagorar ta ƙunsa. A Nijeriya kuma, dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a shekarar 2019, ta wajabta gyara gine-ginen jama'a ta yadda kowa zai iya shiga. Idan aka haɗa waɗannan da tsarin gargajiya, za a sami ƙa'idoji kamar haka:

(a) Inuwa: a dasa bishiyoyi, a kuma kare waɗanda aka gada.
(b) Mazauni: a gina dakali mai tsayin kimanin santimita 45, da majingina da madafa.
(c) Hanya: a rufe magudanan ruwa, a daidaita ƙasa, a hana babura kutsawa inda ake zama.
(d) Mashiga: a yi gangara kusa da matakala, wadda hawan mita 1 zai ɗauki tsawon mita 12.
(e) Ruwa da bayan gida: a yi wa wurin alwala mazauni, a guji daɓe mai santsi.
(f) Haske: a sa fitilu masu aiki da hasken rana domin sallar Asuba da ta Isha'i.

5.0 Tsofaffin Mata

Dakali da majalisa na maza ne. Tsofaffin mata sun fi haɗuwa a cikin gidaje da makarantun Islamiyya da asibiti da kasuwa, inda wasunsu suke sayar da daddawa da kuka da ƙuli-ƙuli. Tsarin da bai tanadar masu rumfa da mazauni da bayan gida na daban ba, ya bar rabin tsofaffin unguwa a baya.

6.0 Kammalawa

An ga cewa tsara unguwa domin tsofaffi ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Abin da ake buƙata shi ne a riƙe hikimar dakali da inuwa, a gyara ta daidai da zamani, a kuma shawarci tsofaffin ta hannun masu unguwanni da dagatai kafin a fara gini, domin abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Malamin Hausa yana da ruwa da tsaki a nan, domin duk majalisar da ta watse, ta tafi da kalmomi da labaran da ba a rubuta ba.

Auna Fahimta

1. Kawo amfani uku na dakali a rayuwar Bahaushe.
2. Ziyarci harabar wani masallaci, ka auna ta da ƙa'idojin da ke sashe na 4.0.